Hoton dabbar daji yana hana ta ƙarewa ne, ko nishaɗin 'yan birni ne kawai?

Sadik_Malali:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, musamman ga masu kyamara a cikinmu. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, amma kwanan nan hankalina ya karkata ga namun daji da tsuntsaye. Ina ganin yadda mutanen Kenya da Tanzaniya ke zuba hotunan zaki da giwa, su ce wai da haka suke taimakawa wajen kare su. Abin da ban gane ba, ta wace hanya hoto ke kare dabba? Maharbi ba ya fasa harbi don an sa barewa a Instagram. In akwai amfani na gaske, daga ina mutumin Kaduna zai fara? Gandun dajin Kamuku a jiharmu yake, amma kowa ya san halin hanyar Birnin Gwari. In kuma nishaɗi ne kawai, ku faɗa min gaskiya tun ban zuba kuɗina a dogon gilashin zuƙo nesa ba.

Dan_Kawo82:
Wa alaikumus salam. Nishaɗi ne, riƙe kuɗinka. Dabbar da za ka ɗauka ma tana ina? An cinye tuntuni.

Malamin_Daji_Ritaya:
Dan_Kawo, ba a cinye duka ba, ɗana. An dai rage ƙwarai.

Sadik, ni aikin gandun daji na yi har na ajiye, bari in faɗa maka abin da na sani. Kamuku tun 1936 aka keɓe ta a matsayin gandun dajin En'e ta Birnin Gwari, sai a 1999 gwamnatin tarayya ta karɓe ta ta zama gandun ƙasa. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 1,100. Dajin doka ne da maje, kogin Mariga ya raba ta da Kwiyambana ta Zamfara. Akwai magangarar Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema inda gwaggon biri ke taruwa. An san ta da gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, jan biri, har giwa takan ratsa. Cikin tsuntsaye akwai burtu da tuje.

Amfanin hoto shi ne shaida. A zamaninmu da biro muke rubuta rahoto: na ga sawun giwa a rafi kaza, na ga kashin gwanki ɗanye. Wanda ke zaune a ofis in ya ga dama ya yarda, in ya ga dama ya ce neman alawus muke. Amma hoto mai rana da wuri ba a musunsa, gani ya kori ji. Kuma kuɗin sintiri inda aka tabbatar akwai abin tsarewa ake kai shi. Dajin da aka daina ganin shaidar dabba a cikinsa, a hankali ake mantawa da shi a kasafi, daga nan masu gatari su ƙarasa.

Sai dai ban ce ka ɗauki kyamara ka nufi Kamuku ba. An yi sulhu da 'yan bindiga a yankin a ƙarshen 2024, har kasuwar shanu ta buɗe, amma bin titi daban, kutsawa tsakiyar daji daban. Ba ka shiga sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta, in sun ce a'a, to a'a ɗin ce.

Dan_Kawo82:
Baba ka ga ai maganata ka dawo. Inda dabbar take ba a shiga, inda ake shiga babu dabba.

Hauwa_Tsuntsaye:
Yaya Dan_Kawo, matsalar ita ce da an ce namun daji sai tunaninmu ya tafi kan zaki. Shamuwar da ke sauka a kan bishiyar unguwarku da farkon damina ba dabbar daji ba ce? Zalɓen bakin kogi fa? Cilakowa, shirwa, balbela, tsirya?

Yaya Sadik, akwai aikin da ake yi a ƙasar nan tun 2015, na zana taswirar inda kowane tsuntsu yake a Najeriya. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ce ke jagoranta, kuma yawancin masu tattara bayanan ba masana ba ne, 'yan sa-kai ne irinmu. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 ta kowane ɓangare. Ka shiga gida ɗaya, ka yi aƙalla awa 2 kana zagayawa, duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa ka shigar a manhajar BirdLasser, ita kuma ta ɗauki wurin. In ka rubuta wanda ba a saba gani a yankin ba, masu tantancewa za su nemi hujja. Nan ne mai kyamara ya fi mu daraja, don ni sai dai in yi ta kwatance, shi kuwa ya tura hoto a wuce wurin.

Ba sai ka je Birnin Gwari ba. Bakin kogin Kaduna ta wajen Kabala da Gamji, fadamun Rigachikun, dutsen Kufena a Zariya, ko Kagoro in ka samu hali, inda dajin ya fi duhu kuma akwai tsuntsayen da ba ka samu a nan arewacin jihar.

Sadik_Malali:
Hauwa, wannan sabo ne a wurina wallahi. To amma bayan an zana taswirar, sai me?

Hauwa_Tsuntsaye:
Sai a san abin da ke raguwa tun bai ƙare ba. Misali angulu. Duk wanda ya girma a garin nan kafin shekarun 2000 ya san rufin kwata ba ya rabo da su. Yau yaushe rabonka da ganin ko guda? A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa angulun nan namu na gida cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya. Ana kama su ana sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu, wasu kuma guba ke kashe su in an sa wa mushe. Sun ɓace a gabanmu babu wanda ya ƙirga, don kowa na ganin ƙazamin tsuntsu ne da ba zai taɓa ƙarewa ba. Gauraka ma haka, ana kiransa tsuntsun ƙasa, amma da wuya ka gan shi a dajin Najeriya yanzu.

Sarkin_Fawan_Gobe:
Maganar angulu gaskiya ce. A kwata na tashi. Da, kafin ka gama feɗe saniya sun jeru a kan katanga suna jira, ka jefa tumbi ka juya sun share wurin tas. Yanzu karnuka ne da ƙudaje da wari. Yaran da ke mana aiki wasunsu a waya kawai suka san shi.

Maman_Ilham:
Ikon Allah. Sai da kuka faɗa na lura na daɗe ban gani ba.

Hauwa_Tsuntsaye:
Malam Sarkin Fawa, in akwai tsofaffin hotuna na kwata ko kasuwa a gidanku, a duba bayan mutanen da ke ciki. Hoton da aka ɗauka don wani dalili daban, in angulu sun fito a kan rufi kuma an san shekarar, shi ma shaida ne.

Jikan_Maharba:
Ina karantawa ina jira a zo kanmu, don duk inda aka yi zancen nan mafarauci ne mai laifi. Kakana maharbi ne, da kan burtu yake farauta: ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana caccakar ƙasa kamar tsuntsun, har ya isa kusa da barewa ba ta tsorata ba. Amma suna da doka. Ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa, da damina ta kankama a rataye baka. Wanda ya ƙarar da daji shi ne mai injin yanka katako da mai gawayi. Ku tsaya a hanyar Kachia ko ta Abuja ku ga lodin buhunan gawayi da ke shigowa. Kirya ta tafi, maɗobiya an kwashe an kai Sin, har kaɗanya da ɗorawa da iyayenmu ba sa sara yanzu ba a bari. Dabba za ta zauna a fili ne?

Kuma Sadik, in da gaske kake, nemi tsohon maharbi ya raka ka. Shi ya san iska ta ina take kaɗawa, ya san dole ka sa ta a fuskarka don kada ƙanshinka ya riga ka isa. Ya san sawun jiya da na yau. Kyamarar miliyan ba za ta koya maka wannan ba. Ka biya shi ladan rakiya, ranar nan dai bai harbi komai ba.

Malamin_Daji_Ritaya:
Jikan Maharba, rabin maganarka na karɓa. Sare daji ya fi komai ɓarna, haka ne. Amma farautar gayya ta yanzu, a cika motoci da matasa da karnuka da adduna a cinna wa daji wuta, ko kurege ba a bari, wannan ba irin ta kakanka ba ce. Ita ma a faɗe ta.

Jikan_Maharba:
Ban musa ba Baba. Waɗannan mu ma ba ma kiransu maharba.

Injiniya_Barnawa:
Bari in shigo da abin da ba a taɓo ba. Hoton da kuke cewa shaida ce, shi ne kuma taswirar ɓarawo. Waya da yawancin kyamarorin yanzu suna ɓoye bayanai a cikin fayil ɗin hoto: rana, lokaci, irin na'urar, in GPS a kunne yake har da daidai inda ka tsaya. In ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, ana goge wannan. In ka tura a matsayin fayil don kada ya dushe, komai na nan. Facebook yana cirewa daga abin da jama'a ke saukewa, amma me ya amfana in kai da kanka ka rubuta "yau a ƙauye kaza, bayan makarantar firamare"?

Ka sa hoton sheƙar angulu ko ɗan kunya da sunan ƙauye, ka yi wa mai nema aiki kyauta. Ɗan kunya ɓawonsa ake fitarwa waje, kwastam sun sha kama shi tan-tan a Legas. Manhajar iNaturalist, da ake tura hotunan dabbobi da tsirrai a cikinta, tana ɓoye ainihin wurin da kanta in dabbar na cikin haɗari, ta nuna yanki kawai. Shawarata, cikakken wuri ka ba masu bincike da hukumar gandu, jama'a kuma ka ce musu "a jihar Kaduna" ya isa.

Sadik_Malali:
Injiniya ka tsorata ni. Ke nan ana cewa in sa wuri, ana cewa kada in sa.

Injiniya_Barnawa:
Duka biyun. Ya danganta da wanda kake ba wa.

Abba_Flash:
Ku bar dogon turanci, mu yi zancen kaya. Sadik, gilashin biki ba zai yi maka ba, tsuntsu zai fito kamar ɗigon tawada. Mafi ƙarancin gilashin zuƙo nesa 300mm, in ka samu 400mm ko sama ka huta. Ba dole sabo ba, na hannu mai lafiya ya wadatar, ka dai haska tocila ciki ka duba ko akwai fumfuna ko ƙura. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa in abin na motsi, mai tashi sama kuwa ka ninka. Ka nemi ido, in ido ya fito ras sauran duk mai sauƙi ne. Fita da asuba, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana ɓata batir ne.

Hunturu kuma ka yi hattara. Hazo na cinye kalar hoto in abin na nesa, ƙura kuma in ta shiga ciki sai ka ga tabo a kowane hoto. Kada ka sauya gilashi a fili, shiga mota ko ka sa cikin jaka.

Ummi_ABU:
Mu da ba mu da kuɗin 400mm fa? 😩

Hauwa_Tsuntsaye:
Ummi, madubin hangen nesa da wayarki. Ki saita tsuntsun a madubin, ki ɗora idon kyamarar wayar a kan inda kike sa ido. Hannu zai yi rawa da farko, ki jingina da bishiya. Ba zai ci gasa ba, amma za a gane tsuntsun, kuma shi ake nema.

Abba_Flash:
Wannan ba hoto ba ne, fasfo ne 😂

Hauwa_Tsuntsaye:
Fasfon ake buƙata Yaya Abba, ba na bango ba.

Bauchi_Ta_Yakubu:
Mai son manyan dabbobi ya zo Yankari, ita ce ta rage mana a arewa da za ka shiga da kwanciyar hankali. Murabba'in kilomita 2,244 ce, an keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Daga Kaduna ka bi ta Jos zuwa Bauchi, ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan akwai tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki. Ka zo da rani, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta kwanta kuma ƙishirwa ta tattaro komai zuwa kogin Gaji. Ɓauna, gwanki, dorina, kada, mugun dawa har cikin sansani suke kiwo. Giwa sai an dace, kada wani ya yi maka alkawari. Gwaggon biri kuwa ba sai ka neme su ba, kulle ƙofarka kawai, kada ka riƙe leda a hannu.

Game da tambayarka ta asali: ƙungiyar kare namun daji ta WCS na aiki da gwamnatin Bauchi a wurin, suna ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi, masu ɗauka da kansu in wani abu mai ɗumin jiki ya gifta, dare ko rana. Da irinsu ake bin diddigin ko har yanzu akwai zaki. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya kusan 400 suka rage, a Najeriya kuma wuri biyu kacal, Yankari da Kainji. Zaki ana bambance shi da ɗigon da ke gindin gashin bakinsa, giwa kuma da yagewar kunne da yanayin haure. Ke nan hoton baƙo ma, in ya fito sosai, zai iya nuna wace giwa ce aka gani kuma yaushe.

Dan_Kawo82:
To kyamarar bishiya ta yi aikin, me Sadik zai ƙara?

Bauchi_Ta_Yakubu:
Kuɗin shiga, kuɗin ɗaki, ladan ɗan rakiya. Sannan wanda ya ga hotonsa ya kwaso iyalinsa ya zo. Gandun da ba ya kawo ko sisi, wane gwamna ne zai kula da shi?

Manomi_Lere:
Ku 'yan birni kuna ganin kyau, mu muna ganin ɓarna. Jan biri ya shiga masara ta fara nuna, ya karya wannan ya gutsira ya yar, ya karya wancan. Yaro ya bar makaranta yana gadin gona. Jan-baki su sauka a shinkafa kamar hadari. Na Bauchi su faɗi gaskiya, ƙauyukan gefen Yankari in giwa ta kwana a gonar mutum me yake girba? Wanda zai ɗauki hoton giwa ya ɗauki na gonar ma, a nuna duka.

Bauchi_Ta_Yakubu:
Ba ƙarya ka yi ba Malam. Shi ya sa aka sa wa wasu giwayen abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, in sun doshi gonaki a san da wuri. Bai kawar da matsalar ba, ya dai rage.

Ba_Maradi_A_Kasuwar_Barci:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni mutumin Nijar ne, kasuwanci ya zaunar da ni nan. Ku dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 suka rage, kuma irinsu babu a ko'ina a duniya sai can. Ba cikin gandu suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da mangwaro, manoma na ƙorafi irin na Malam na Lere. Yadda ake ƙirga su da hoto ne: kowane raƙumi a ɗauke shi dama da hagu, don zanen jikin kowanne daban yake, a haɗa kundi. Ana ganin wanda ya haihu, ana ganin wanda ya ɓace. Aka hana kashe su, 'yan ƙauyen suka zama 'yan rakiya suna samun na cefane, ƙungiyoyi suka kawo rijiyoyi da rance. Suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji.

Amma a Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a wurin, cikinsu har da ɗan rakiya. Baƙi suka ɗauke ƙafa. To ka ga hoto ya yi aiki, amma sai da zaman lafiya a ƙarƙashinsa.

Dan_Kawo82:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan ne kaɗai misalin da ya ɗan motsa ni. Amma lura, ba hoton ne ya hana kisa ba, doka ce da rijiya.

Malamin_Daji_Ritaya:
Wa zai haƙa rijiyar in bai san 49 suka rage ba?

Abu_Sumayya:
Afuwan, tambaya a gefe. Ya hukuncin ɗaukar hoton mai rai?

Ustaz_Rigasa:
Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, da yawa sun halatta musamman in akwai buƙata kamar ilimi, wasu sun ƙi. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi, kada mu mai da zauren nan fagen wannan. Abin da babu saɓani a kai shi ne cutar da dabba. Ya zo a hadisi cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. To mai sare reshe don sheƙa ta fito fili, ko mai jifan tsuntsu don ya tashi a ɗauke shi yana sama, ya san inda ya tsaya.

Abba_Flash:
Ustaz kamar ka san wani 😅 Akwai wanda na gani ya sayi bushiya a hannun yara, ya kai ta bayan gari ya ajiye kan dutse ya ɗauka, ya rubuta wai ya yi kwanton awanni. Gobe yaran suka kawo masa guda uku.

Hauwa_Tsuntsaye:
Wannan shi ne abin tsoron. Da ka biya kuɗi sau ɗaya ka buɗe kasuwa.

Maman_Ilham:
Ni dai roƙona, in kun ɗauka ku sa sunan Hausa. 'Yata ta san zebra da kangaroo daga littafin makaranta, amma na ce mata gwanki ta ce mene ne. A buga ko ƙananan katuna ne a kai firamare.

Jikan_Maharba:
Hajiya, in za a yi wannan a zo wurin tsofaffinmu a tambayi sunayen tun suna raye. Mazo daban, mariya daban, gada daban, amma yaran yanzu duk barewa suke ce musu.

Sadik_Malali:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka. Har yanzu ban gamsu cewa hotona zai hana buhun gawayi ɗaya shigowa ba. Maganar Jikan Maharba ce ta tsaya min: da na ɗauki tsauni ɗaya daga wuri ɗaya duk shekara, a ga yadda bishiyoyin ke tafiya, anya wannan bai fi hoton zalɓe amfani ba?

Malamin_Daji_Ritaya:
Yana da amfani sosai, ka sa alama a inda ka tsaya, wata ɗaya, lokaci ɗaya. Amma tsaunin za ka ɗauka, ba masu saran ba. Kada ka nuna wa mai gatari kyamara a daji kai kaɗai. Kuma ka fara gaida mai unguwa kafin ka ciro ta daga jaka, a wannan zamanin baƙo mai dogon gilashi ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri.

Injiniya_Barnawa:
Hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth sun riga sun yi wannan, akwai na shekarun baya, kyauta.

Hauwa_Tsuntsaye:
Daga sama ba a bambance kirya da dalbejiya, Injiniya. Kore kawai za ka gani.

Yaya Sadik, ranar Asabar muna fita bakin kogi bayan sallar asuba, mu kan tashi kafin rana ta yi zafi. Ka zo da kyamarar bikin taka haka nan ka gwada kafin ka sayi komai. A sa kaya marasa haske, ban da farar shadda.

Dan_Kawo82:
Ku je ku dawo. In kun ga angulu ku turo, ni kuma in ga ko hoton zai sa ya yi ƙwai.

Ummi_ABU:
Anti Hauwa, akwai masu fita a Zariya? Kuma madubin nan nawa yake yanzu?